Littafin kalmomin kiɗa: koyon hirar waƙa da Sifaniyanci a Jerez

14 Oktoba 2023

Sifaniyancin da nake da shi na neman abinci ne. Yana isa ta in sayi burodi, in gane abin da maigidan garejinmu yake so, in yi gardama da direban da ya ce tayarsa ba ta sha iska ba. Amma a nan Jerez de la Frontera, a kudancin Sifen, hira ba ta yin nisa sai ta gangaro kan waƙa, kuma da zarar ta gangaro ni sai in koma ɗan kallo. Abin yana ci mini rai, domin a gidan kiɗa na tashi. Kakana makaɗin mahauta ne, hannuna ya san kalangu tun kafin ya san biro.

Don haka na sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu, na kafa wa kaina doka guda: ba zan rubuta kalma ba sai wadda na ji ta daga bakin mutum. Jerin sunayen kayan kiɗa da ke cikin manhajar waya na riga na haddace, *piano*, *violín*, *trompeta*, *flauta*, har yau ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga cikinsu.

Shafin farko ya tafi kan aikatau guda, *tocar*. Mu muna kaɗa ganga, mu busa algaita, mu goga goge. Su duk da *tocar* suke yi, wadda asalin ma'anarta taɓawa ce: *toco la guitarra*, *toca el tambor*, *tocan la flauta*. Sauƙi ya samu. Sai *cantar*, rerawa, da *bailar*, taka rawa. Sai *oír* da *escuchar*, waɗanda suka zauna daidai kan ji da saurare.

22 Oktoba

Abokin aikina ɗan unguwar Santiago ya kai ni *peña* ɗinsu. Ƙungiya ce ta masu son flamenko, suna da ɗakin taro, kujerun katako masu saƙar igiya, ƙaramin dandamali, bango cike da hotunan mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya. Su suna kurɓar giyar inabin da garin ya yi suna a kanta, ni na ce a ba ni ruwan lemo, ba wanda ya ɗaga ido.

Flamenko ƙafa uku gare shi: *cante*, *toque*, *baile*, wato waƙa, kiɗan jita da rawa. Mai waƙar ba a ce masa *cantante*, wannan na mawaƙin rediyo ne. *Cantaor* ake cewa, mace *cantaora*. Mai jita *tocaor*, mai rawa *bailaor* ko *bailaora*. Duk an haɗiye harafin d da ke tsakiya, kuma haka mutanen Andalus suke yi wa kusan kowace kalma. S ɗin ƙarshe ma ba ta tsira ba. Sunan garin kansa a bakinsu "Here" ne. Wanda ya koyi harshen daga bakin mai karanta labarai na Madrid zai sha mamaki a nan.

Inda kunnen Bahaushe ya yi mini rana shi ne wurin nauyin gaɓa. *Canto*, ina rerawa. *Cantó*, ya rera. *Toco* da *tocó* haka. Wani Bajamushe da ke zuwa koyon jita yana ta fama da wannan, ni kuwa da na girma ina bambanta kalmomi da hawa da saukar murya, nan take na kama.

5 Nuwamba

*Compás.* Idan ba ka da wannan kalma, ka rufe littafin ka tafi gida.

Ƙamus zai ce maka ma'aunin kiɗa ne. A bakin mutanen Jerez ta wuce haka. Idan aka ce wane *tiene compás*, an gama yabonsa. Idan aka ce *se ha ido de compás* ko *va atravesao*, wato ya fita daga layi, ya gitta, to ko muryarsa ta kai ta kowa zaƙi an gama da shi a wannan daren. Na ga an yi wa wani saurayi mai kyakkyawar murya haka. Ba wanda ya ce masa uffan, masu tafi ne kawai suka sassauta hannu, tsofaffi suka shiga kallon silin.

Wani dattijo da ke zama kusa da ƙofa, wanda kowa ke kira *tío* don girmamawa (a wajen 'yan ƙabilar Gitano lakabin manya ne, kamar yadda za mu ce Baba ko Kawu), shi ya ɗauki nauyin koya mini. Ina ce masa *maestro*, kuma ina yi masa *usted* na girmamawa, ba *tú* na tsara ba, duk da cewa ya ce in daina. Ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa tebur da gaɓoɓin yatsu, abin da suke kira *nudillos*, yana ƙirga:

un, dos, TRES, cuatro, cinco, SEIS, siete, OCHO, nueve, DIEZ, un, DOS.

Bugu 12 ke nan, nauyin yana kan 3, 6, 8, 10 da 12. Ba sa faɗin *once* da *doce* domin sun yi wa baki tsawo, sai su maimaita *un, dos*. Wannan zagaye shi ne gadon *soleá*, da *alegrías*, da *bulerías*. Bambancin yana wurin sauri, da yanayi, da inda ake shiga. *Soleá* a hankali take tafiya, da nauyi. *Bulería*, wadda ita ce abin tinƙahon Jerez, gudu take yi, kuma masu ita daga 12 suke jin farkonta, ba daga 1 ba. *Tangos* kuwa bugu 4 ne, wannan ko ɗan yaye zai bi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana ce masa *palo*. Kuma ba a cewa mutum ya rera *bulería*, sai a ce *canta por bulerías*, *toca por soleá*, *baila por alegrías*. Wannan ƙaramar *por* ɗin ita ke nuna ko kai ɗan gari ne ko baƙo. Tambayar da na fi amfani da ita a makon nan: *¿Por qué palo va esto?* Wane salo ne wannan?

Tafi ma iri biyu ne. *Palmas sordas*, a lanƙwasa tafin hannu a haɗa, sauti ya fito a dushe don kada ya danne mai waƙa. *Palmas claras*, yatsu a kan tafi, tas-tas, idan abu ya yi zafi. Mutum ɗaya yana bugawa *a tiempo*, ɗaya yana cike giɓin *a contratiempo*, sai ka ji kamar hannu guda ne mai saurin da ba na ɗan Adam ba. Mai wannan aiki *palmero* ne, kuma sana'a ce da ake biya.

Dattijon ya ce in yi. Na yi. Ya dube ni ya ce *¿Y tú de dónde has salío?*, kai kuma daga ina ka ɓullo? Wannan haɗin uku-uku da bibbiyu ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama bayan makaɗan gida. Hannuna ya riga bakina isa.

16 Nuwamba

Yau ranar flamenko ce, domin a irin wannan rana a 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Na samu hutun rabin yini na je cibiyar adana tarihin flamenko da ke fadar Pemartín, a dandalin San Juan. Akwai tsofaffin fayafayai, hotuna da littattafai. Kalmomin da na kwaso: *grabación*, ɗaukar sauti, *disco de pizarra*, irin fayafayan garmaho na da, *letra*, kalmomin waƙa, *tercio*, kowane ɗango na waƙar yadda ake jan sa.

A *peña* kowa yana da labarin asalin flamenko. Wani ya ce daga Indiya, wani ya ce daga Larabawa, idan suka ga ni Musulmi ne sai su ƙara wa ɓangaren Larabawan gishiri don in ji daɗi. Gaskiya ne Ziryab, makaɗin da ya taso daga Bagadaza, ya iso Ƙurɗuba a 822 ya kafa makarantar kiɗa, gaskiya ne kuma Gitano sun shigo Sifen a 1425. Amma flamenkon da ake ji yau ya tsaya da ƙafarsa ne a ƙarni na 19, a gidajen shan gahawa masu dandamali da ake kira *cafés cantantes*, irin wanda Silverio Franconetti ya buɗe a Sevilla a 1881. Tsakanin Ziryab da Silverio akwai shekara dubu da 'yan kai, kuma ba na son a riƙa tsallake su da hira mai daɗi.

3 Disamba

Makon jita. Na zauna kusa da *tocaor* yana sauya tsirkiya, na yi ta nuna abu ina cewa *¿Cómo se llama esto?*

*Cuerdas* tsirkiyoyi ne, guda 6. Ta ƙasa mai siririyar murya *prima*, masu kauri *bordones*. *Mástil* wuya, *trastes* ƙarafan da ke gicciye a wuyan, *clavijas* abin murɗawa. A jikin akwatin an manna wani siririn farantin roba, *golpeador*, domin mai kiɗa yana ƙwanƙwasa katakon da farce. Jitar da aka yi da itacen *ciprés* ana ce mata *blanca*, ta *palosanto* kuma *negra*. Ya ce mini siffar jitar da duniya ta sani yanzu aikin wani kafinta ne ɗan Almería, Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892.

A makaranta sunayen sautuka *do, re, mi, fa, sol, la, si* ne, da *sostenido* da *bemol*, da *mayor* da *menor*. Na rubuta su, amma a ɗakin nan ba na jin su. Mai waƙa yana zama sai ya ce wa mai jita *por medio, al cuatro*, ko *por arriba, al dos*. *Por arriba* riƙon *mi* ne, *por medio* riƙon *la*, lambar kuma wurin da za a ɗaura *cejilla*, ɗan abin da ake matse wuyan jita da shi don a ɗaga sautin ya dace da maƙogwaron mai waƙa. Kalma huɗu, an gama shawara.

Sauran: *rasgueado*, watsa yatsu kan tsirkiyoyi, *picado*, tsinkar sauti ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, *alzapúa*, aikin babban yatsa, *falseta*, ɗan zagayen da mai jita yake yi shi kaɗai kafin mai waƙa ya dawo. *Afinar* daidaita tsirkiya ne. A nan nahawu ya leƙo: *la guitarra es buena*, halinta ne, *la guitarra está desafinada*, yanayin da take ciki ne yanzu. Na daɗe ina ganin *ser* da *estar*, aikatau biyun da suka ba da *es* da *está*, a littafi, sai a kan jita suka zauna mini.

17 Disamba

Disamba a Jerez watan *zambomba* ne. Sunan kayan kiɗa ne, sunan taron ne kuma. Maƙwabtana suka kira ni tsakar gida, an hura wuta a cikin rabin duro, *candela*, an kewaye ta da kujeru. Ita *zambomba* randa ce ta ƙasa, an rufe bakinta da ƙyalle, an ɗaure siririn kara, *carrizo*, a tsakiya. Matar da ke kaɗawa tana da kwanon ruwa kusa da ƙafarta. Ta jiƙa hannu, ta ja karan sama da ƙasa, randar ta yi gurnani. Wata tana buga *pandereta*, wata tana ƙwanƙwasa *almirez*, ƙaramin turmin tagulla na daka kayan yaji, wani tsoho yana karce kwalba mai ƙuraje da cokali.

Waƙoƙin Kirsimeti ne, *villancicos*, ni kuma na zauna a matsayin maƙwabci ina cin *pestiños*, soyayyen fulawa da zuma. Abin da na lura: babu dandamali, babu mai kallo. Mutum ɗaya ya ja *estrofa*, kowa ya karɓi *estribillo*, amshi ke nan. Yara sun san kalmomin, kakanni sun sani. A 2015 gwamnatin Andalus ta ba wa al'adar kariya ta hukuma, tun daga nan kuma baƙi suka yi yawa, tsofaffi suna gunaguni cewa yanzu har da lasifika ake yi a gidajen sayar da abinci. *Eso ya no es zambomba*, wato wannan kam ya tashi daga zambomba, in ji matar mai randa. Na rubuta jimlar, domin da ita ake kushe komai a garin nan, sai dai a sauya kalmar ƙarshe.

13 Janairu 2024

Sunaye sun cika rabin littafi, amma hira ba da suna ake yin ta ba. Abin da ya rage shi ne in faɗi ra'ayi.

*Gustar* a juye take aiki. Abin da ake so shi ne mai aikatawa: *me gusta el cante*, *me gustan las palmas*. Idan na fassara wa kaina ita da "yana burge ni, suna burge ni", sai ta miƙe. *Sonar* ma tana da amfani: *suena bien*, *suena raro*, *me suena*, kamar na taɓa jin sa. Sai dai a *peña* wanda ya ce *me gusta* ko *qué bonito* bai ce komai ba. *Bonito* ma wani lokaci raini ne, ana nufin abu mai kyan gani da ba shi da ciki.

Ga abin da suke faɗa da gaske. *Tiene pellizco*: yana mintsini, wato waƙar ta taɓa ka inda ke da zafi. *Me llega* ko *no me llega*: ta iso gare ni, ko ba ta iso ba. *Canta por derecho*: yana rerawa bisa ƙa'ida, ba kwana-kwana. *Tiene soniquete*: akwai wannan lilo na Jerez a kiɗansa. *Se me ponen los vellos de punta*: tsigar jikina ta tashi. Murya mai kaushi, dusasshiya, wadda malamin waƙa na makaranta zai ce a kai asibiti, a nan ita ce abin nema, ana ce mata *voz afillá*, daga sunan wani mawaƙin ƙarni na 19, El Fillo. *Duende*, wadda littattafan 'yan yawon buɗe ido suka cika da ita, da wuya in ji ta a bakin 'yan gari.

Sai *jaleo*. Zuga ce, irin wadda maroƙi ke yi wa makaɗi. *Ole*, *eso es*, *vamos allá*, *toma*, *agua*, *así se canta*. 'Yan nan sun fi ɗora nauyin a gaɓar farko, su ja ta, ba kamar yadda ake ihunta a filin ƙwallo ba. Kuma ba ko'ina ake jefa ta ba. Tana da gurbi a cikin *compás*, galibi inda mai waƙa ya rufe ɗango, wurin da suke kira *remate*. Baƙi sukan saki tasu a tsakiyar numfashin mai waƙa, sai ka ga wuyan tsofaffi ya juya gaba ɗaya. Dattijona ya ce *saber escuchar* ma fanni ne, kuma wanda ya iya shi ana ce masa *buen aficionado*. A yanzu burina bai wuce wannan ba.

11 Fabrairu

Na hau jirgin ƙasa zuwa Cádiz don bikin *carnaval*, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Wata duniya ce dabam, da nata kalmomin. Ƙungiyoyi iri huɗu ke gasa a gidan wasan Falla: *chirigota*, *comparsa*, *coro*, *cuarteto*. *Chirigota* ta barkwanci ce, da jita, da *caja* da *bombo*, ƙaramar ganga da babba, da wani ɗan abin busa mai muryar ƙudan zuma, *pito*. Shigar da suka yi *tipo* ce. Waƙoƙinsu *pasodoble*, *cuplé* da *popurrí*.

Zambo ne da habaici tsantsa, kan magajin gari, kan ministoci, kan tsadar haya. Ba mamaki da aka hana bikin a 1937, zamanin Janar Franco, mai mulkin kama-karya, bai dawo da sunansa da watansa ba sai 1977. A wani lungu na tsaya gaban wata ƙungiya ta titi, mutane suna dariya har da riƙe ciki, ni ina tsintar kalma ɗaya cikin biyar. Wannan matakin ya fi ƙarfina tukuna. Ba kalmomin kiɗa yake buƙata ba, sai ka san wa ya yi me a garin a bara.

2 Maris

Bikin rawa na shekara-shekara yana gudana a gidan wasan Villamarta. Kuɗin tikiti ba na ɗan gareji ba ne, don haka sharhin jarida nake karantawa da safe. Harshen masu sharhi dabam ne: *puesta en escena*, *elenco*, *estreno*, *propuesta*. Na kai wa dattijona wata jimla mai tsawon layi huɗu, ya karanta, ya miƙo mini jaridar ya ce shi ma bai gane ba. Na ɗauki *ensayo*, gwaji, da *escenario*, dandamali, da *zapateado*, dukan ƙasa da takalmi, na bar musu sauran.

29 Maris

Bana azumi ya haɗu da makon Ista. Ruwan sama ya hana yawancin jerin gwanon fita, amma ranar da aka samu sarari, ina dawowa daga shan ruwa hanya ta toshe, dole na tsaya. 'Yan *cornetas y tambores* suna tafe suna busa da kiɗa, sai aka ɗaga hannu, komai ya ɗauke. Wata mata a barandar bene ta dafa ƙarfe da hannu ɗaya ta fara *saeta*, waƙar addini ta wannan mako. Ba jita, ba tafi. Irin wannan rerawa ana ce mata *a palo seco*.

Washegari na tambayi dattijon ko akwai wasu waƙoƙin da ba su da rakiya. Ya ce *tonás*, da *martinete*. Wannan ta biyun ta maƙera ce, ana danganta ta da *fragua*, maƙera, inda Gitano da yawa suka yi sana'a a Jerez da unguwar Triana ta Sevilla. A dandamali akan kawo *yunque*, uwar maƙera, ana dukanta da *martillo*. Na ce masa mu ma maƙeranmu suna da kiɗansu, dundufa, mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, kowace sana'a da abin da ke motsa ta. Ya ajiye kofinsa ya ce *a ver, cuéntame*, to ba ni labari. A nan na ga iyakar littafina. Duk abin da na tara na fahimtar kiɗansu ne, ban tanadi komai na bayyana namu ba.

20 Afrilu

A gareji akwai ɗan Peru da ɗan Kolombiya, kuma tunda suka ga littafin suka sa ni gaba. Abin da Sifen ke kira *altavoz*, lasifika, su *parlante* suke cewa. Abin sawa a kunne a nan *auriculares* ko *cascos*, a can *audífonos*, wanda a Sifen na'urar masu matsalar ji ce. Ɗan Kolombiya ya ba ni *acordeón*, *caja* da *guacharaca*, kayan *vallenato*, kiɗan ƙasarsu, guda uku.

Ɗan Peru kuwa ƙorafi gare shi. Akwatin katakon da ake zama a kai ana bugawa, *cajón*, wanda kowa a nan yake ɗauka na flamenko ne, nasu ne. Baƙaƙen fatar gaɓar tekun Peru, jikokin bayi, su suka ƙirƙiro shi. Shahararren mai jitar flamenko Paco de Lucía ya gan shi a Lima a ƙarshen shekarun 1970, ya ji sautinsa ya dace da dukan ƙafar masu rawa, ya taho da shi. Peru ta ayyana shi kayan gadon ƙasa a 2001. Idan ya ji an ce *cajón flamenco* sai ya ajiye sifana ya gyara wa mutum zance. Ina goyon bayansa.

Daga wannan gardama na samu *cantes de ida y vuelta*, waƙoƙin je-ka-ka-dawo, salon da suka ƙetare teku zuwa Amurka ta Kudu da Kyuba suka komo da wani launi: *guajira*, *milonga*, *vidalita*, *rumba*. Akwai ma *colombiana*, wadda ɗan Kolombiyan ya saurara ya ce bai san ta ba. Yana da gaskiya, a Sifen mawaƙi Pepe Marchena ya ƙirƙire ta.

12 Mayu

An gama bikin dawaki na garin jiya. Mako guda ana rawar *sevillanas* dare da rana, bugu 3, kashi huɗu: *la primera, la segunda, la tercera, la cuarta*. 'Yan *peña* suna taɓe baki su ce ba flamenko ba ce, sannan ka gan su suna takawa.

Ni aikin da na sa a gaba tun watan jiya shi ne bayanin kalangu. Wani ɗan'uwa da ya dawo daga gida ya taho mini da guda, na kai ta *peña* ranar Juma'a bayan na shirya jimlolina a baya-bayan littafi. *Es un tambor con forma de reloj de arena*, ganga ce mai siffar agogon yashi, tsukakkiya a tsakiya. *Tiene dos parches*, fata biyu. *Se pone debajo del brazo*, a hammata ake saƙala ta. *Si aprieto las cuerdas, sube el tono. Si aflojo, baja.* Idan na matse tsirkiya sauti ya hau, idan na saki ya sauka. Gula kuma *una baqueta curva*. *Agudo* da *grave* na siririn sauti da mai kauri.

Wurin da ya yi wuya shi ne cewa tana magana. *El tambor habla* sun ɗauka azanci ne irin na mawaƙa, suka gyaɗa kai. Sai da na ce *mi lengua tiene tonos*, harshena yana da hawa da saukar murya, na faɗi wani ɗan kirari da baki, na maimaita shi a kan fata, na sake faɗa, na sake bugawa. Mai jita ne ya fara ganewa, ya ce *otra vez, más despacio*, sake, a hankali. Ya nemo sautukan a kan tsirkiya ɗaya. Da na nuna musu bidiyon algaita a waya suka ce *chirimía* ko *dulzaina*, wani kuma ya ce a ƙauyen El Gastor, nan cikin lardin Cádiz, akwai abin busa na ƙaho da ake kira *gaita gastoreña*. Goge suka ce *rabel*. Kakaki ya ba su mamaki saboda tsawonsa.

Dattijon ya ce in bi su *por tangos*, na bi, ya zauna daidai. *Por bulerías* kalangun ya yi ƙara da yawa, yana danne mai waƙa, aka ce *más bajito*, sassauta. Dole in nemo yadda zan kashe sautin da yatsun hagu.

Abubuwan da ban iya faɗa ba tukuna, na jera su a sabon shafi: yadda zan bayyana take, wato kiɗan da ya keɓanta da mutum ɗaya ko sarauta ɗaya, bambancin maroƙi da mawaƙi, dalilin da ya sa ake liƙa wa makaɗi kuɗi. Akwai kuma nahawun da nake ta kauce wa, irin na *quiero que cantes* da *cuando toques*, wanda ba makawa sai na zauna da shi idan ina so in roƙi wani ya rera mini abu ba tare da na yi kamar ina ba shi umarni ba. Mai jita ya ce in zo *ensayo* ɗinsu ranar Talata da ƙarfe tara na dare, da kalangun.